Flightradar24: da shi na raka Hajiyarmu daga Kano har Jidda

Jama'a duk wanda yake da matafiyi a jirgi ya sauke wannan manhaja ta Flightradar24 a wayarsa, ni dai ta yi min rana wallahi. Hajiyarmu ce ta tafi Umra, karonta na farko kenan a jirgi, muka raka ta filin jirgin Malam Aminu Kano muka dawo gida hankalin kowa a tashe, ƙanwata sai tambaya take Yaya yanzu suna ina, Yaya sun sauka kuwa.

Lambar jirgin da ke jikin tikiti kawai na rubuta sai ga ɗan jirgi ruwan ɗorawa yana tafiya a kan taswira, an sa KAN a gefe ɗaya JED a ɗaya gefen, ga nisan da ya ci ga wanda ya rage, ga tsawon da ya yi sama, har da lokacin da ake sa ran zai sauka. Na ajiye wayar a tsakiyar tabarma duk muka zagaye ta har ƙananan yara.

Abin da ya fi amfanata shi ne maganar lokaci. A tikiti an sa tashi 11 na dare sauka 7 na safe, muka lissafa awa 8 muka ce tsohuwa mai ciwon ƙafa ina za ta iya wannan zaman, ashe Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2 kuma kowane fili da agogon garinsa ake rubutawa, to kun ga awa 6 kenan a sama. Tsakanin Kano da Jidda kai tsaye wajen kilomita 3,400 ne, da can ta kan Chadi da Sudan ake miƙewa a tsallaka Bahar Maliya, tafiyar ba ta cika wuce awa 5 ba, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu jirage suka koma zagaye, kuma da idona na ga layin ya lanƙwashe ya kauce wa ƙasar.

Abu ɗaya da ya kamata ku sani tun kafin gabanku ya faɗi, manhajar da na'urorin da ke ƙasa take kama siginar jirgi, inda babu su sosai sai layin ya koma ɗigo-ɗigo, ƙiyasi ne take yi har ta sake kama shi. Ƙanwata har ta fara salati lokacin da ta gani.

Na kyauta nake amfani da shi, akwai talla amma ya ishe ni. Wajen 5 na asuba agogonmu na ga jirgin ya daina motsi a filin Sarki Abdul'aziz, na je na ƙwanƙwasa wa Baba ƙofa na ce Baba sun sauka lafiya, ya ce Alhamdulillah, muka wuce masallaci.