Tiren kogi a aji huɗu: zango ɗaya da shi

Zango ɗaya ke nan ina koyar da 'yan aji huɗu da wannan akwatin darasin kogi, kuma tun makon farko na gane tiren robar nan shi ne kayan, sauran 'yan rakiya ne.

Dogon tire ne, a ɗan karkace, da kwari a tsakiya. A shimfiɗa yashi, a zuba ruwa ta sama, ya gangaro. Akwai 'yan ƙofofi uku da ake sokawa su zama madatsa, da kofunan awo, da kati biyar: manomi, makiyayi, masunci, gari, masana'anta.

Ranar da muka fara, yaron da ya ja katin manomi ya samu wuri can sama. Bai yi wata-wata ba ya rufe ƙofa, ya cika kofi uku. Yarinyar da ke ƙarshen tire, mai katin masunci, ta dubi yashin gabanta yana tsotse ɗan abin da ya rage, ta ɗaga hannu: "Malama, ya shanye mana kogi!" Shi kuwa ko a jikinsa, wai ai ta gabansa ya biyo. Sai da hayaniya ta lafa na ba su labarin Nilu, wanda ƙasashe 11 ke da rabo a ruwansa: Habasha ta fara gina katafariyar madatsa a kansa a 2011, Masar kuma, da take can ƙasa kuma kusan duk ruwanta daga Nilu yake, hankalinta ya tashi. Ajin ya yi tsit. Manomin namu ya ɗan zare ƙofarsa ba tare da na ce masa komai ba.

Ɗigon tawada ɗaya daga wurin masana'anta ma ya yi aikin da bakina ya kasa. Sun bi shi da ido har ƙasa, wani ya tambaya me ya sa dattin ba ya komawa wurin wanda ya zuba.

Ɗan littafin da ke ciki ba laifi wajen alƙaluma: kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne, ɗan ragowar ma yawancinsa ƙanƙara. Inda muka raba gari shi ne amsar da ya bayar a ƙarshe, wai a raba wa kowa kofi daidai. Yaran da kansu suka ƙi. Masunciyar nan ta ce ita me za ta yi da kofi, kifi a kofi yake zama? So take a bar mata ruwan a cikin kogin. Kuma tana da gaskiya, don ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da suka ratsa ƙasashe ba ta ce a raba daidai ba, cewa ta yi a yi amfani bisa adalci, kada a yi wa maƙwabci babbar illa. Yanzu tsallake shafin nake yi.

Ƙorafina na gaske kan ƙira ne. Wa ke yin katin takarda don wasan ruwa? Cikin mako biyu sun jiƙe sun yi laushi, sai da na naɗe su da salatif. Ƙofa ɗaya ta fara yoyo. Kati biyar kuma ba su isar aji, dole a yi rukuni-rukuni, masu jiran layi suna ta ƙunƙuni. Abin da ya fi ba ni dariya, kayan koyar da tattalin ruwa ba su zo da abin tarar ruwan ba. Bokiti nake ajiyewa a ƙarƙashi, in mun gama mu kai wa shukokin bakin aji.

Duk da haka zan sake fito da shi ranar 22 ga Maris, Ranar Ruwa ta Duniya. Wannan karon manomin nan ne zai zauna a ƙarshen tire.