Hoton zuciya a wata cibiya ta Unguwar Rimi

Kawuna na fama da akromegali, ciwon da ƙari a wani ɗan ƙullutu ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke haddasawa, sinadarin girma ya yi ta kwarara fiye da kima. Takalmansa sun daina shiga, zoben azurfarsa ma sai da maƙeri ya yanke. Da ƙafafu suka fara kumbura, aka tura mu hoton zuciya.

Likitar ta burge ni ƙwarai. Ta juyo da allon ta nuna mana ɓangaren dama, mai tura jini zuwa huhu. Ta ce, "Baba, sinadarin nan yana kaurara naman zuciya hagu da dama, sai ta yi tauri, ta kasa buɗewa ta cika da jini sosai." Har minshari ta tambaya, domin ɗaukewar numfashi cikin barci na ƙara wa gefen dama wahala. Kawu ya musanta, matarsa ta harare shi.

Wurin jira kam sai haƙuri: benci biyu, fanka ɗaya, ga zafin Kaduna. Amma ranar muka karɓi sakamako a rubuce. Ku je da sassafe, ku riƙo takardun gwajin jini.