Haiku: babbar manhajar da ta haura shekara 20 ba ta ce ta gama shiri ba

Haiku ba Linux ba ce, kuma gara in faɗi wannan tun da wuri, domin duk wanda ya leƙo allon kwamfutata tambayar da yake fara yi ke nan. Babbar manhaja ce mai zaman kanta, wato irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya kamar Windows, da ginshiƙinta (zuciyar da ke sarrafa na'urar) da tagoginta da tsarin ajiyar fayil ɗinta, kuma lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke ga kowa, akasarinsu a ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ya ba kowa damar amfani da su da sauya su. Na ɗora ta a kan wata tsohuwar kwamfutar cinya 'yar gwanjo wadda Windows ta yi wa nauyi, na yi 'yan watanni ina rubutu da sauraron sauti da yawo a intanet da ita.

Girkawar ta ba ni mamaki. Fayil ɗin da ake saukewa bai kai gigabait 2 ba, na zuba shi a filashi, na kunna. Wasu 'yan hotuna ne a jere suke haskawa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu roka, sai kawai ga teburi, wato babban allon aiki. Babu batun buɗe asusu, babu neman lambar waya, babu tambayar ko na yarda a riƙa tattara bayanaina. Kwafe ta zuwa cikin kwamfutar 'yan mintoci ya ɗauka. Wuri ɗaya ne zai iya rikita baƙo, wato raba faifai da DriveSetup, domin da hannunka za ka yi, ba wanda zai riƙe maka.

Ba za a gane dalilin da ya sa take da wannan kama ba sai an koma baya. A 1990 Jean-Louis Gassée, Bafaranshen da ya riƙe babban muƙami a Apple, ya kafa kamfanin Be a Kalifoniya. A 1995 suka fito da kwamfutarsu BeBox mai furosesa biyu, lokacin da wannan baƙon abu ne a kan teburin mutum, da babbar manhajarta BeOS wadda aka gina domin aikin sauti da bidiyo. A 1996 Apple yana neman abin da zai maye gurbin tsohuwar manhajarsa, ya taya Be a kan dala miliyan 125, Gassée ya ce albarka. Sai Apple ya juya ya sayi NeXT, kamfanin Steve Jobs, a kan sama da dala miliyan 400, cinikin da ya dawo da Steve Jobs gida. Daga nan Be ya koma kan kwamfutocin Intel, inda ya tarar masu ƙera kwamfuta ba sa son ɓata wa Microsoft rai. A 2000 ya raba BeOS R5 kyauta ga mai so, a 2001 aka sayar wa kamfanin Palm kadarorinsa a kan dala miliyan 11. Ƙarar da Be ya kai Microsoft an sasanta ta a 2003 a kan sama da dala miliyan 23, amma a lokacin babu sauran kamfanin da za a ceto.

A watan Agustan 2001 Michael Phipps da wasu masoyan BeOS suka ce za su sake gina ta daga tushe, tunda asalin lambobinta na hannun wasu. Suka sa wa aikin OpenBeOS, a 2004 suka canza zuwa Haiku don kauce wa rigimar haƙƙin suna. Ginshiƙin sun samo shi daga NewOS na Travis Geiselbrecht, tsohon injiniyan Be. Tracker da Deskbar, wato mai kula da fayiloli da sandar manhajoji, su ne ainihin na BeOS, domin Be ya buɗe lambobinsu kafin ya rushe. Fitowar gwaji ta farko sai a Satumban 2009, beta ta farko, wato gwajin da ya fi kusa da kammaluwa, a Satumban 2018, ta biyar a Satumban 2024. Wadda na yi amfani da ita ke nan. R1, fitowa ta ɗaya cikakkiya da aka yi alkawari tun farko, ana nan ana jiran ta.

Abin da ya fi kama ni shi ne saurin amsawa. Ba wai tana haɗa bidiyo da sauri fiye da Linux ba ne, a irin wannan tsere sau da yawa ita ce a baya. Amma ka danna abu, ya buɗe. Kowace taga da nata zaren aiki, don haka ko wata manhaja ta maƙale, linzamin kwamfuta ba ya tsayawa, sauran tagogin ma ba ruwansu. Kwamfutar da a da fankarta ke kuka tun daga kunnawa, sai ga ta shiru, da ragowar ma'adana mai yawa.

Tagogin suna da ɗan kunne rawaya a sama maimakon doguwar sanda. Da farko na ɗauka kwalliya ce kawai irin ta shekarun 1990. Ashe idan ka riƙe maɓalli ka ja wata taga kan wata, kunnuwan za su jeru su zama rukuni guda, ko da manhajojin daban-daban ne, ko ka manna su gefe da gefe su riƙa tafiya tare. Ni da nake rubutu ina duba wata takarda, wannan ya shiga jikina nan da nan, har na koma wata kwamfutar ina ta jan tagogi ba sa mannewa.

Sai tsarin fayil, BFS, wanda Dominic Giampaolo ya tsara a Be. A nan ne na ga tunanin da har yau manyan ba su kamo ba. Kowane fayil yana iya ɗaukar bayanai a jikinsa, kuma tsarin yana jera su yadda nema ba ya ɗaukar lokaci. Kowace wasiƙar imel fayil ce, da mai aikowa da take da rana a matsayin ginshiƙai a cikin folda. Kowane mutum a littafin adireshi shi ma fayil ne. Ina da tarin karatuttuka da wa'azozi da aka turo mini da sunaye barkatai. Na cike musu mai magana da shekara, na ajiye nema guda a kan teburi, duk sabon fayil da ya dace da shi sai ya bayyana a ciki da kansa. Cikewar ta ci lokaci, amma ba wata manhaja ta musamman na girka ba, babbar manhajar ce da kanta ke yi.

HaikuDepot, rumbun manhajojinta, shi ma da dabararsa. Ba a warware ƙunshin manhaja a watsa shi cikin faifai, ana jingina shi ne yadda yake, cirewa kuma ɗauke fayil guda ne. Idan sabuntawa ta ɓata wani abu, daga wajen kunnawa za ka iya komawa yadda take jiya. LibreOffice ta aikin ofis na nan, VLC ta kallon bidiyo da GIMP ta gyaran hoto ma haka. Haruffanmu masu lanƙwasa sun fito daidai a allo, kuma da Keymap na ba ɓ da ɗ da ƙ gurbinsu a kan maɓallai ba tare da wahala ba.

To, inda gizo ke saƙa shi ne intanet. WebPositive, burauzarta ta gida, tana buɗe shafukan karatu da labarai lafiya, amma manyan shafuka masu nauyi suna sa ta tangal-tangal, wani lokaci ta rufe kanta. Akwai burauzar Falkon, akwai kuma wadda aka ɗauko daga Firefox, sun rage zafin, sai dai tunda Haiku ba ta amfani da ƙarfin katin hoto a yawancin kwamfutoci, furosesa ce ke ɗaukar nauyin bidiyo gaba ɗaya, kuma za ka ji a jikin kwamfutar. Taron bidiyo na aiki ban ma sa shi a lissafi ba. Wi-Fi ya dogara da sa'a, domin direbobin, wato ƙananan manhajojin da ke sa na'urar aiki, daga wasu manyan manhajoji, FreeBSD da OpenBSD, aka aro su. Nawa ya yi aiki, na wata kwamfutar da na gwada ko alamarsa babu, sai da na jona wayata da kebul na jawo data ta nan.

Biyu kuma sun fi damuna. Ba ta iya barci. Ka rufe murfi, tana nan a kunne tana shan batir, wanda ga mai lissafin awannin wuta ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake saurin kunnuwarta ya sa kashewa gaba ɗaya ba ta da ciwo. Na biyu, mai amfani ɗaya ta sani, kuma shi ne mai iko da komai, ba ta tambayar kalmar sirri a bakin ƙofa. Gado ne daga BeOS, amma kwamfutar da yara ke taɓawa ko wadda ke ɗauke da bayanan banki ba wurinta ba ne.

Yadda jama'a suka karɓe ta bai canza sosai ba tun 2009. Duk fitowa, masu sharhin fasaha su yaba sauri da tsafta da yadda komai ya dace da juna, sannan su ce ba ta isa zama kwamfutar yau da kullum ba, wasu su ƙara da zolayar shekarun da ta kwashe a beta. Zolayar ban ga adalcinta ba. 'Yan sa-kai ne ke aikin, da ɗaliban shirin Google Summer of Code da ke tallafa wa masu koyon rubuta manhaja, kuma ƙungiyar Haiku, Inc. da gudummawar jama'a take rayuwa. Daga 2021 ne ta ɗauki Augustin Cavalier, ɗaya daga cikin masu rubuta ta, yana aiki a kan biya, kuma abubuwa irin su hanyar tafiyar da manhajojin X11 (tsarin tagogi na su Linux) da sababbin direbobin Wi-Fi sun zo bayan haka. Ƙorafin da na fi yarda da shi na tsofaffin masoyan BeOS ne, masu cewa yawan ɗauko manhajojin Linux yana rage wa mutane ƙwazon rubuta na gida, kuma baƙin manhajojin ba sa amfani da bayanan jikin fayil da sauran abubuwan da suka sa Haiku ta zama daban. Na ga hakan da idona: LibreOffice tana aiki, amma ana ganin baƙuwa ce.

Wanda kwamfuta ɗaya gare shi kuma da ita yake neman abinci, kada ya goge abin da ke kai, Linux mara nauyi za ta fi rufa masa asiri. Mai ta biyu a ajiye, ko ɗalibin da ke son karanta lambobin babbar manhajar da mutum ɗaya zai iya bin sawunta, ya gwada ta daga filashi tukuna, ya duba Wi-Fi da sauti kafin ya taɓa faifai.