Gargaɗi: mai shayin rage ƙiba ta ci mini ₦125,000

Tun jiya nake rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa. ₦125,000. Dubu 85 da farko, sai dubu 40 daga baya. Kuɗin adashina ne, wata 5 ina zubi.

Kada wani ya ce mini ganganci na yi. Ni malamar makaranta ce, ba na sayen abu da ka. Na yi mata tambayoyi, ta ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya kama ni shi ne muryar da ta turo mini a WhatsApp da daddare, har yau tana kunnena: "Hajiyata, ba laifinki ba ne, mace in ta wuce 30 injin ƙona abinci na jikinta mutuwa yake, bincike ne ya nuna." Shekarata 41, haihuwa 5, tun bayan autana tumbin ya ƙi komawa. Da ta ce ba laifina ba ne sai da na yi hawaye. A daren na tura dubu 85.

A'a, kafin nan ma ta turo mini hotunan mutanen Hadza na Tanzaniya, masu farauta da tonon saiwa. Ta ce masana daga Amurka sun gano suna ƙona ƙarfin abinci ninki biyu na namu saboda wata saiwa da suke ci, ita ce a cikin shayin. Na duba, na ga mutanen suna nan, binciken ma an yi shi. To wa zai ce ƙarya ce?

Kwana 3 da farawa na koma zaman banɗaki. Ciki na murɗawa, zuciya na bugawa kamar za ta fito, ba barci. Na gaya mata, ta ce kitsen ne ke narkewa, sai na haɗa da kashi na biyu. Nan na ƙara dubu 40. Eh, na ƙara, domin sikeli ya nuna kilo 3 sun tafi. Ranar da jiri ya kayar da ni a bakin aji, gaban ɗalibaina, sai da aka yi mini ƙarin ruwa leda 2.

'Yar yayata da ke karatun likita ce ta buɗe ledar ta shinshina, ta ce: "Anti, wannan ai filasko ne." Filasko! Ganyen da ake sha don wankin ciki, na dubu 125. Ta ce kilo 3 ɗin ruwan jikina ne ya tsiyaye, ba kitse ba. Bugun zuciyar ya fi tayar mata da hankali, don an sha kama kayan rage ƙiba da aka cusa wa sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Sannan ta nuna mini ainihin binciken. Herman Pontzer da abokan aikinsa, 2012: Hadza, duk da tafiyar da suke sha kullum, ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a rana kusan ɗaya yake da na mutanen Amurka da Turai in aka yi la'akari da girman jiki. Babu maganar ninki biyu. Wani kuma a 2021, mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29, ya nuna ƙona abinci a jiki ba ya raguwa daga shekara 20 har 60. Wato mai shayin ta ɗauki gaskiyar mutane ta juya ta, ta sayar mini. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai, ko da yake kuɗin ma ban yafe ba.

Lambar NAFDAC da ke jikin ledar, da muka bincika, ta wani kaya ce daban. Ranar Talata na nemi kuɗina, ko Litinin ce, ta ce za ta kira ni bayan la'asar. Ta toshe lambata.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki guda biyu suna nan, zan ɗora su in na rufe lambar asusuna. Ku bincika lambar NAFDAC kafin ku biya, in kuna sha yanzu kuma ku daina ku je asibiti. Dubu 85 da dubu 40. Allah ya isa.