Akwatin magani mai alam, bayan wata huɗu ina amfani da shi

Shekara uku kenan da aka gano ina da Hashimoto, wato garkuwar jikina ce da kanta take yaƙar tayiroyid ɗina (wani ɗan sashen jiki a gaban wuya mai fitar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki) har ya rage aiki. Kasala, jin sanyi ko ana zafi, gashi na cika kum, fata ta bushe, ga uwa uba mantuwa. To mantuwar nan ce ta sa na sayi akwatin, don sau da yawa sai in tsaya da safe riƙe da katin levothyroxine, maganin da nake sha saboda ciwon, ina tambayar kaina wai na sha ne ko ban sha ba, kuma ba mai ba ni amsa.

Na sati ne, kowace rana da gidaje huɗu, alam ma huɗu. Na farko na saita shi 6:00, in sha levothyroxine da ruwa zalla ciki ba komai. Na biyu 7:00 shi kam ba na magani ba ne, shi ke ce min yanzu kya iya karyawa ki sha kofinki, don maganin yana son a ba shi rabin awa zuwa awa ɗaya kafin abinci, kofi da madara kuwa suna rage shigarsa jiki. Wannan alam na biyun wallahi ya fi komai amfani a wajena.

Inda na daɗe ina cutar kaina ban sani ba shi ne maganin ƙarin jini da kalsiyam, da can duka nake haɗawa in watsa baki lokaci guda in huta, ashe ayon (sinadarin da ke cikin maganin ƙarin jinin) da kalsiyam kama levothyroxine suke yi a hanji su hana shi wucewa, ana so a raba su da aƙalla awa 4. Yanzu suna gidan 2:00 na rana. Da na koma gwajin jini bayan sati 8 TSH ɗina, wato awon da ke hawa in tayiroyid ya rage aiki, ya sauko, likita bai ƙara min doz ba, sai cewa ya yi me kika canza? Na ce lokaci kawai.

Amma fa akwatin yana da nasa. Murfinsa ba ya rufuwa gam, na Laraba ma har ya fara sakwarkwacewa, kuma levothyroxine ba ya shiri da laima da zafi da haske. Mai ba da magani ce ta ce in daina ɓare ƙwayar, in yanka katin da almakashi in sa kowace da rigarta, haka nake yi yanzu duk daren Lahadi, ɗan aiki ne amma ba laifi. Ƙarar alam ɗin kuma kamar kukan sauro, in barci ya yi nauyi, wanda mu masu wannan ciwon kun san yadda yake, ba za ki ji ba. Sannan ranar da na canza batir duk saitin ya goge, ban lura ba sai da na tsallake kwana ɗaya, hankalina ya tashi sosai, sai daga baya aka kwantar min da hankali cewa maganin yana daɗewa a jini, kusan sati kafin rabinsa ya fita, kwana ɗaya ba zai rushe komai ba.

Gajiyar la'asar tana nan ba ta tafi ba, ƙafafuna ma har yanzu sai da safa nake kwana. Tauraro huɗu na ba shi. Na dai ƙara saita alam ɗin 6:00 a waya saboda ban yarda da kukan sauron nan ba.