Wandon motsa jiki mai ɗamewa na kasuwar Yaba: amfaninsa da illarsa ga lafiyar gaba

Duk wadda ta leƙa babban filin wasa na Surulere a Legas da safiyar Asabar za ta ga yawancin 'yan mata sanye da wandon nan mai ɗamewa, wasu sun ɗora doguwar riga da hijabi a kai. Ana samunsa tuli a Yaba da Balogun, sabo da gwanjo. Wajen gudu da tsalle ba shi da na biyu: ba ya harɗe ƙafa, yana kuma hana cinyoyi gogar juna su yi ciwo.

Matsalarsa a yadin take. Ki duba 'yar takardar da ke ƙugunsa, galibi nailan ne ko foliyesta da ɗan haɗin roba. Mai kyau yana da wani ƙyalle daban a tsakanin ƙafafu, an ɗinke shi lafe. Mai arha kuwa ɗinki ɗaya ne mai kauri ya ratsa daidai gaba, shi ke gurzar fata har ta yi ja. Ki juya wandon ki shafa wurin da yatsa kafin ki biya kuɗi.

Iskar Legas cike take da danshi, gumi ba ya saurin bushewa. Yarinya ta gama motsa jiki sharkaf, ta hau danfo zuwa Agege ko Mile 12, cunkoso ya riƙe ta awa biyu da jiƙaƙƙen wando. Ɗumi da laima su ne abin da ƙwayar cutar Candida, wani nau'in fumfuna, ke so, daga nan sai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar guntayen kindirmo. Saboda haka ki riƙa tafiya da busasshen kamfai na auduga da siket a jaka, ki sauya da zarar kin gama. Sawa ɗaya, wanki ɗaya, a shanya a rana. Da damina, in ba ki da guda biyu ko uku, za ki ƙare da saka mai danshi. Na gwanjo a wanke shi tas kafin ya taɓa jiki.

Abin da ya fi damunmu shi ne sabulun turare da ake tallarsa tare da wandon, wai na kawar da warin gumi. Cikin farji yana da tsaminsa, ma'aunin pH tsakanin 3.8 da 4.5, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ake kira Lactobacillus ne ke riƙe shi haka, su ke tare cuta. Sabulu, da tura ruwa ciki, da cusa alimun ko miski suna kashe su. Ruwa zalla ya isa, a waje kawai, daga gaba zuwa baya, sannan a tsane da tawul mai tsabta.

Idan ruwan da ke fita tsinkakke ne mai launin toka da ƙarni irin na kifi, wannan ba Candida ba ne, kuma clotrimazole, maganin Candida, ba zai yi masa komai ba. Metronidazole likita kan rubuta. Kada ki bari a haɗa miki magani a kemis da sunan ciwon sanyi. Ki je asibiti a ɗebi ruwan a gwada, musamman in da zazzaɓi, ciwon mara, ko kina da ciki.