Wata 14 da Land Cruiser HDJ80 ta gazuwal: abin da na gani tsakanin Maraɗi da Bermo

Sana'ata sayar da dusa da sauran abincin dabbobi ce, kuma ina da ƴan shanu a hannun makiyaya a arewacin Dakwaro, saboda haka tafiyar daji ta zame mini ta kowane mako. Shekara da shekaru ina hayar kat-kat, wato motar daji mai ja da ƙafa huɗu, ko in bi motocin kasuwa, har na ga kuɗin hayar da lokacin da nake ɓatawa sun isa in mallaki tawa. A farkon shekarar 2024 wani dillali, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya turo mini hotunan wata Toyota Land Cruiser HDJ80 ƙirar 1996 da aka ɗauko daga Beljiyam. Irin jikinta ba baƙo ba ne a Nijar, amma injin da ke cikinta, wato 1HD-FT mai silinda 6 da bawul 24 da turbo, ba kasafai ake cin karo da shi a garejojin Maraɗi ba, inda kowa ya fi sanin injin 1HZ na motocin ƙungiyoyin agaji da na gwamnati.

Da yake a lokacin iyakar Nijar da Benin a rufe take tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, motar ba ta biyo tsohuwar hanyar Kwatano da Gaya ba. A tashar jirgin ruwa ta Lome aka sauke ta, ta ratsa Burkina Faso cikin ayarin motocin da sojoji ke rakowa, sannan ta iso Yamai. Dillali ya yi mini alkawarin mako shida, sai da na yi wata uku da ƴan kwanaki ina jira. Kuɗin hanya da na duwan da na takardu, in an haɗa su, sun kusa rabin kuɗin da aka sayi motar a Turai, kuma duk wanda zai yi irin wannan ciniki ya kamata ya sa wannan a lissafinsa tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

Na tafi Yamai da makanikina, dattijon da ya yi shekaru yana gyaran motocin gazuwal. Ni hankalina yana kan kujeru da fenti da lambar kilomita, wadda ta nuna 287,000, shi kuwa bai ko dubi waɗannan ba, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar da guduma. Da ya fito sai ya ce mini, “Alhaji, injin nan lafiyarsa lau, amma gishirin Turawa ya taɓa ta.” A ƙasashen da ake ƙanƙara ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi, shi ne ke cin ƙarfen mota daga ƙasa. Shasin bai huje ba, sai dai bututun birki na baya sun yi tsatsa har sun fara ɓarewa, kuma dillali bai nuna wannan a hoto ko ɗaya ba. Wannan ya ɓata mini rai, domin birki rai ne, kuma da ban zo da mai ido ba da haka zan kamo hanyar Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 600. A Yamai muka canza bututun kafin mu taso.

Game da injin kuwa, yabo kawai gare ni. Girmansa lita 4.2 ne, ƙarfinsa doki 170, kuma famfon mansa ba na kwamfuta ba ne, wanda ya sa makanikin da ya san aikinsa zai iya kwance shi ya gyara ba tare da na'ura ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ja tun yana ƙasa-ƙasa, ba sai an matsa masa ba. Daga Maraɗi zuwa Dakwaro kwalta ce, kowace mota za ta je, amma daga can zuwa rugagen da ke wajen Bermo da Gadabeji rairayi ne mai zurfi, wurin da na sha kwana a baya saboda motar haya ta kafe. Da wannan motar, in na rage iskar tayoyi na sa ƙaramin giya, takan haye tudun rairayi da buhunan dusa a bayanta kamar ba ta ɗauki komai ba. Ƙafafunta huɗu suna ja a kowane lokaci, kuma tana da makulli uku, na tsakiya da na pon gaba da na pon baya (pon shi ne ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu), waɗanda in an kulle su tayoyin duka suke juyawa tare. A damina, a wata fadama da ke kusa da Gulbin Kaba, makullin baya ne ya fitar da mu daga lakar da ta kai rabin taya, bayan mun tarar da wata mota a wurin ana haƙa tun safe. Sai dai lokacin da na saye ta makullin gaba ya ƙi shiga, domin mai ita na farko da alama bai taɓa amfani da shi ba, sai da aka kwance ƙaramin injinsa aka wanke aka sa giris.

A kwalta tana shan kamar lita 12 a kilomita 100, a rairayi da kaya kuwa takan kai 17. Tankinta lita 95 ne, kuma tun da aka rage farashin gazuwal zuwa sefa 618 a watan Yulin 2024 nauyin ya ɗan sauƙaƙa. Ba na zuba mata man ruwa-ruwa na bakin hanya ko da ya fi araha, kuma na sa an ƙara mata matatar mai ta biyu mai raba ruwa da gazuwal.

Inda ƙarancin irinta ya cije ni shi ne wajen kayan gyara. Matatar baƙin mai da kayan ƙafa ana samunsu a nan cikin gari, amma daga baya ta fara baƙin hayaƙi, aka gano nozul biyu, wato masu fesa mai cikin injin, sun gaji. Na 1HZ ba sa shiga, domin tsarin ƙona man injinan biyu daban ne. Mun duba Maraɗi babu, na aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo waɗanda ba su dace ba, daga ƙarshe sai daga Dubai aka turo. Mako biyar motar tana ajiye a lokacin bazara, daidai sa'ad da makiyaya suka fi bukatar dusa, na koma haya ina biya. Akwai kuma batun batir: biyu gare ta, kuma wajen tayarwa ana haɗa su su ba da bolt 24 ga demarer, wato abin da ke tayar da injin, sauran wutar motar kuwa 12 ce. Wani yaron gareji da bai san haka ba ya kusa ƙona mini wayoyi, tun daga ranar ba na barin kowa ya taɓa wutarta sai makanikina.

Bel ɗin taimin ana canza shi duk kilomita 100,000, kuma da yake babu takardar da ta nuna yaushe aka canza na ƙarshe, mun sa sabo tun makon farko. Haka muka yi wa robobin da ke riƙe mai a gwiwoyin pon gaba, waɗanda suka fara yoyo.

Mota irin wannan tana jan ido, saboda haka ba na bin hanyoyin kudu na wajen Madarunfa da Gidan Rumji da ita bayan la'asar.

Ga mai zirga-zirgar cikin gari ko Maraɗi zuwa Katsina ban ga dalilin sayenta ba, ƙaramar motar fetur ta ishe shi. Ga mai aikin daji wanda ba zai iya jure a ajiye masa mota mako biyar ba, 1HZ ya fi masa kwanciyar hankali, ko da yake ba ya da ƙarfin wannan. Ni dai na yi kilomita 31,000 da ita ba ta taɓa barina a daji ba, kuma ba ni da niyyar sayarwa. Yanzu haka na ba da saƙon sauran nozul huɗu da famfon ruwa da kayan gyaran turbo, in sun iso zan ajiye su a shago kafin bazara ta zagayo.